Kwana shida a gado mai lamba huɗu: yadda na ga wani ƙaramin asibiti a Bauchi

Sunan asibitin zan bar shi a cikina. Abin da zan faɗa akwai yabo akwai tsiya, kuma ba na son a ce an biya ni na yi talla, ko na fito ɓata wa mutane sana'a. Wanda ya san garin Bauchi ya san irinsu: gidan zama aka mayar asibiti, falo ya koma wurin jira, garejin mota ya koma ɗakin gwaji. Gadaje goma sha biyu na ƙirga har da na ɗakin haihuwa. A nan autarmu, 'yar shekara uku da rabi, ta yi kwana shida a watan Satumban da ya wuce.

Kafin na taɓa kowa bari na fara da kaina. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare. Duk shekara sai na zana wa ɗalibai a allo yadda macen sauro ke zuba ƙwayar maleriya a jini, ƙwayar ta wuce hanta ta hayayyafa, ta fito ta riƙa fasa jajayen ƙwayoyin jini. Na san tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa yin gwaji kafin a ba da maganin maleriya. Amma ranar Litinin da jikin yarinyar nan ya yi zafi, kemis ɗin bakin layinmu na nufa, na ce a ba ni na maleriya na yara da farasitamol. Ba gwaji, ba awon nauyi. Maganin rigakafin nan na wata-wata da ake bi gida-gida ana ba yara da damina ma, na Agusta ya wuce ta, mun tafi biki Azare. Shi kuwa na kemis ɗin, na farko da aka ba ta ta amayar, na biyu ma rabinsa ya dawo. Ran Talata mai kemis ya ce ai sai allura, ya yi mata guda, ko sunan allurar ban tambaya ba.

Daren Laraba wajen ƙarfe ɗaya uwarta ta tashe ni. "Malam, tashi ka ga numfashin yarinyar nan." Jiki zafi kamar garwashi, tafin hannu da ƙafa kuwa sanyi ƙalau. Ta kasa zama, an kai ruwa bakinta ba ta haɗiya, ido a buɗe amma ba ta bin kowa da kallo. Maƙwabcinmu mai keke napep shi ya kai mu, Allah ya saka masa da alheri.

Abu na farko da ya shiga raina: ba wanda ya ce mu je mu yanki kati tukuna. Nas ɗin dare, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Sista, tana ganin yadda kan yarinyar ke lilo a kafaɗar uwarta ta miƙe ta karɓe ta. Sikeli, kilo 13. Zafin jiki, 39.8. Ta maƙala mata ɗan abin nan a yatsa, iskar jini ta nuna 89, nan take ta jawo injin oksijin. Da tsira ɗaya a yatsa ta ɗebi na abu huɗu: gwajin maleriya na nan-take, awon suga, awon yawan jini, da ɗigon da ta shafa a gilashi don a duba a madubin ɗakin gwaji. Maganar kuɗi sai da asuba aka yi min ita.

Likitan matashi ne, ya fito da silifas, shatin matashin kai a kumatunsa. Ban raina shi ba, amma ban kuma saki jiki ba. Ya yaye rigar yarinyar, ya ɗora wayarsa a gefen gado, ya tsaya yana kallon ƙirjinta har minti ɗaya cur bai ce uffan ba. Numfashi 54. Yaro mai shekarunta in ya kai 40 a minti an ce ya yi sauri. Ya danna farcenta ya saki, yana ƙirga daƙiƙun da jan zai dawo. Ya lanƙwasa wuyanta saboda sanƙarau. Ya tambayi yaushe ta yi fitsarin ƙarshe, ko ta yi jijjiga, ko tana gudawa, ko akwai wani mara lafiya a gidan, har da ko ɓeraye na damunmu. Wannan ta ƙarshen saboda zazzaɓin Lassa ce, don jiharmu tana cikin waɗanda ya fi addaba tare da Ondo da Edo, ko da yake da rani ya fi tashi.

Ana cikin haka layi biyu suka fito a ɗan farin allon gwajin. Na sauke ajiyar zuciya na ce, "Alhamdu lillahi, Likita, maleriya ce kawai."

Ya ce, "Malam, wannan 'kawai' ɗin taka ita nake tsoro."

Jimlar nan ita ta sa na zauna rubuta wannan. Abin da ɗan allon nan ke kamawa wani furotin ne da ƙwayar maleriya ke saki a jini, kuma yakan yi makonni bai gushe ba ko da ƙwayar ta mutu. A Najeriya, ƙasar da ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na maleriyar duniya, kuma a tsakiyar damina, yara da yawa in ka tsire su layi biyu za ka gani, har da masu wasan ƙwallo a layi. Layi biyu yana nufin maleriya ta ratsa ta jikin. Ko ita kaɗai ce ta kwantar da yaron, wannan ba aikin allon ba ne, aikin likita ne. Likitan ya ce yana zargin ban da maleriyar akwai bakteriya da ta shiga jininta, abin da suke kira sefsis: jiki ya tashi yaƙar ƙwayar cuta, yaƙin ya wuce gona da iri har ya koma yana lalata huhu da ƙoda da magudanan jini. Alamominsu iri ɗaya ne da na maleriya mai tsanani, ido ba ya raba su. Kuma maleriyar ce kan share hanya, tana raunana bangon hanji da garkuwar jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sauran bayanin a waya na karanta shi, a kan bencin baranda, a dararen da barci ya ƙi. Wani bincike da aka wallafa a 2004 daga asibitoci goma a Tanzaniya ya bi mutum 4,474 da aka kwantar da sunan maleriya mai tsanani. Fiye da rabinsu da aka duba jininsu a madubi babu ƙwayar maleriya, kuma waɗannan ɗin sun fi mutuwa, kashi 12 cikin ɗari, alhali masu maleriyar gaske kashi 7. Yawancinsu ba a ba su maganin bakteriya ba, ana ta yi wa cutar da babu ita magani. A lissafin shekarar 2017 sefsis ta kashe mutum kusan miliyan 11 a duniya, wato mutuwa ɗaya cikin kowace biyar. Amma ka tsaya a Wunti ko kasuwar Muda Lawal ka tambayi mutum ɗari, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunanta. Mu dai "maleriya da taifot", in mutum ya rasu a ce zazzaɓi ne ya yi ajalinsa.

Kafin ƙarfe biyu ta cika sun sa mata kanula, ƴar robar da ake zura wa jijiya, a bayan hannu. Da farko likitan ya ɗebi jini ya zuba a wata kwalba mai ruwan romo a ciki don a rene shi a ga ko bakteriya za ta tsiro, ya ce dole a ɗiba kafin maganin bakteriya ya shiga, in ba haka ba babu abin da zai tsiro. Sannan allurai biyu suka bi ta jijiya: seftiriyazon saboda bakteriya, atesunet saboda maleriya. Na tsaya a kan Sista tana haɗa ta biyun. Farin gari ne a ƙaramar kwalba, ta fasa ɗan ruwan da ke zuwa tare da shi ta zuba, ta yi ta girgizawa yana fari-fari kamar tsinkakken koko har ya washe tas, ta ƙara ruwan gishiri, ta ja daidai miligiram 39, uku a kowane kilo kamar yadda ake yi wa yaran da ba su kai kilo 20 ba. Ta yago filasta ta manna a ƙarfen gado ta rubuta lokutan da biro: biyun dare, biyun rana, biyun dare. Duk ukun ina zaune aka yi su, babu wadda ta makara da fiye da minti goma. Wanda ya taɓa jinya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mu da muka tashi a zamanin kwinin, mai sa kunne ya yi ta shuu, muna ganin ita ce uwar magani. A 2010 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, cikin asibitocin har da na Ilori. Waɗanda aka yi wa kwinin kashi 10.9 suka rasu, na atesunet kashi 8.5. Asalin maganin daga wani ganye ne dangin tazargade, wanda wata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta tatso sinadarinsa har ta sami kyautar Nobel a 2015. Da na gaya wa mahaifiyata haka cewa ta yi, "To ashe dai mu muka riga su." Na ce Hajiya, jiƙo daban, allurar da aka auna da kilo daban.

Ita Hajiyar da ita aka yi rigimar da ta fi kowacce. Ta iso da hantsi da fulas ɗin kunu, ta dubi ledar ruwan da ke rataye, ta ga yana ɗiga ɗis, a jima, ɗis. Ta ce, "Wannan wane irin ƙarin ruwa ne kamar ana rowa? Tun dare leda ɗaya ba ta ƙare ba?" Gaskiya ni ma abin yana raina. A wurinmu asibitin kirki shi ne wanda kafin azahar an juye wa mara lafiya leda uku, in da hali har da mai ruwan ɗorawa. Sai da ta kai hannu za ta murɗa ɗan tayar da ke jikin igiyar, Sista ta riƙe hannun cikin ladabi ta kira likita.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "Ɗan nan, kishiyar tawa ta bushe, ku sake mata ruwan mana. In kuɗi ne ubanta zai biya."

Ya ce, "Hajiya, da kuɗi nake nema ai leda goma zan rataya, kowacce da farashinta. Ruwan da take buƙata shi ke shiga, an lissafa shi da nauyinta. In na sake shi da gudu zuciyarta da huhunta ba za su ɗauka ba."

Hajiya ta yi tsaki ta koma kan tabarma. Ni kuwa na bi shi baranda, a nan ya ba ni labarin binciken da ya sa shi taurin kai. A Yuganda da Kenya da Tanzaniya aka yi shi, ƙarƙashin wata likitar yara, Kathryn Maitland, a kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun jini ba ya zagayawa sosai, irin yanayin 'yata sak. Wasu aka ɗura musu ruwa da sauri a sa'ar farko, kamar yadda littattafan Turai da Amurka suka koyar shekara da shekaru, wasu aka bar su da na a hankali. Kowa ya ɗauka na farkon ne za su fi rayuwa. Cikin kwana biyu kusan kashi 10.5 na waɗanda aka ɗura wa suka rasu, na a hankali kashi 7.3. Dole aka tsayar da binciken a farkon 2011 bai kai ƙarshe ba. A asibitocin da babu injin da zai yi wa yaro numfashi in abu ya ɓaci, dabarar da aka aro daga masu injin kashe yara take yi. Ya ja kunnena a kan abu ɗaya: yaron da gudawa da amai suka tsotse, ido ya faɗa, fata ta saki, wannan lissafinsa daban ne, shi ruwa yake so kuma da gaggawa.

Ka sami asibitin kuɗi da zai ƙi sayar maka da abin da kai da kanka kake roƙo a sayar maka, wannan shi ne babban makin da na ba su.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai. Kwalbar jinin nan ba su da wurin renonta. Ƙarfe bakwai na safe aka miƙo min ita a ledar burodi da takarda, aka ce na kai wani ɗakin gwaji a can wani gefen gari, kada na sa ta a firji, kada na bar ta a rana. Haka na sa ta a aljihun gaban riga na dafe da hannu, keke napep yana faɗawa ramuka, 'yata kuma tana kan oksijin ban san halin da zan dawo na same ta ba. Asibitin da ya san darajar wannan gwajin ya kamata ya ajiye yaro mai mashin don kai shi. Uban da bai iya karatu ba, ko uwar da ta zo ita kaɗai, yaya za su yi?

Na biyu, abin kunya ne ma a faɗa: ɗakin da ake kwantar da masu maleriya babu gidan sauro ko ɗaya, ragar tagar kuma ta yage, tafin hannuna yana shiga. Sauron da ya ciji mai gado na uku shi zai taso kan mai gado na huɗu. Daga gida na ɗauko namu, muka ɗaure shi da igiyar shanya tsakanin ƙarfen rataya ruwa da ƙusar kalanda. Na yi magana, aka ce ana sane.

Na uku wuta. Suna da sola, amma fitilu da firjin magani kawai take ɗauka. In aka ɗauke wuta injin oksijin sai ya yi ƙara ya mutu, sai mai gadi ya tashi ya je ya ja janareta. A daren farko na duba agogo, minti shida. Akwai tukunyar oksijin guda a kusurwa, ranar babu komai a ciki. Banɗaki kuma ɗaya ne na maza da mata, ruwa a bokiti, ba zan tsaya a kansa ba.

Kuɗi: kati naira 3,000, sauran kuwa da aka tattara ya haura rabin albashina. Maganin da ke kantinsu ya fi na waje tsada sosai, sai a kwana na uku Sista ta raɗa min cewa ba dole ba ne na saya a wurinsu, in dai zan kawo mai lambar NAFDAC su duba. Da an faɗa tun farko da na rage asara. Ba sa ba da rasit dalla-dalla sai ka nace. Likitan rana kuma ba irin na dare ba ne, mutum ne mai sauri, yana magana yana tafiya. Shi ne ya rubuta a yi mata gwajin Widal, gwajin taifot ɗin nan da ya samo asali tun 1896, wanda a wurinmu kusan duk wanda aka yi wa sai an ce yana da ita. Na tambaye shi me zai ƙara tunda ana renon jinin, ya ɗan yi shiru, ya soke da biro. Aƙalla bai yi girman kai ba.

Gilashin da aka duba a madubi ya nuna ƙwayar maleriya, amma 'yar kaɗan, ba ta kai ta kwantar da yaro haka ba. Yawan jininta 24, suka gaya min ƙarara cewa in ya gangaro wajen 15, ko numfashin ya ƙi daidaita, ba za su riƙe ta ba, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa za su tura mu, don su ba su da ma'ajiyar jini. Na ji daɗin wannan gaskiyar. Ran Juma'a da yamma aka cire oksijin. Ran Asabar ta buɗe baki ta ce ƙosai take so, uwarta ta fashe da kuka. Ran Litinin sakamakon kwalbar ya fito: salmonela ce, 'yar uwar mai kawo taifot amma ba ita ba, irin wadda aka san tana bin bayan maleriya a yaran Afirka. A takardar an jera magungunan da aka gwada a kanta. Seftirin da ampisilin, waɗanda kowane kemis ke miƙo wa mutane kamar alewa, ba su yi mata komai ba. Wanda likitan dare ya fara tun ƙarfe biyu, shi ya kama ta.

Da za a sallame mu Sista ta zaunar da uwarta ta yi mata bayanin ƙwayoyin maleriya na sha, sau shida cikin kwana uku, kowanne da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki, ko da yarinya ta warware kada a tsaya. Allurar bakteriya kuma muka riƙa komawa kullum har ta cika kwana goma. Sun ce mu dawo bayan mako biyu a sake auna jini, saboda wasu bayan atesunet jininsu kan sake faɗuwa a makare. Na manta. Su suka kira ni a waya.

Wanda zai je, ya tafi da gidan sauronsa da bokitinsa da tocila, ya nemi rasit tun ranar farko, ya tambayi farashin magani kafin a buɗe kwalba. In yaron yana jijjiga ba ƙaƙƙautawa ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ya wuce babban asibiti kai tsaye, nan ba su da jini. Zazzaɓi mai zafi da ya ƙi jin magani kuwa, musamman da dare, zan sake kai nawa can.

Ranar da muka koma awon, jinin ya hau 31. Na leƙa ɗakin da muka kwanta, ragar tagar an toshe ta da kwalin indomi da salatif, wata mata tana yi wa ɗanta fifita a gado na huɗu. Hajiya, wadda ta raka mu, ta kai wa Sista turmin atamfa, ta kuma tsaya a ƙofar likitan ta ce masa har yanzu tana nan a kan bakanta, da an saki ruwan nan da kwana uku za su yi.